Tsanin Bayan Jirgi

Hantsi bai gama dubawa ba aka bugo waya ofis cewa an tsamo gawa a tashar masunta.

Sufeto ya ajiye kofin shayinsa ya ja tsaki. Gawa ba ta dame shi ba, ya ga iri-iri a aikin nan. Ruwan ne ba ya so. Mutum ne da in ruwa ya wuce masa gwiwa sai tsoro ya kama shi. Kofur ya san da haka, shi ya sa yake ta murmushi shi kaɗai yana tuƙi.

Sun tarar da jama'a cike da gaɓa, amma shiru kamar an yi ruwa an ɗauke. Abin da ya fara ba Sufeto mamaki shi ne babu mai kallon gawar. Kowa ya zuba wa wani jirgin katako ido, yana can tsaye a kan angarsa, nisan jifa daga gaɓa. A saman rufin ɗakinsa baƙaƙen farantan sola suna ƙyalli. A bakin ƙofar ɗakin kuwa akwai ƙwan fitila, yana kawowa yana ɗaukewa da rana tsaka, alhali babu kowa a ciki.

"Wa ya tsamo shi?" in ji Sufeto.

Wani tsohon masunci ya matso. "Ni ne, ranka ya daɗe. Kyaftin ke nan, mai jirgin can. Kullum in rana ta fito sai ya faɗa ruwa daga gefe ya yi wanka, ya zagaya ya hau ta tsanin baya. Yau ya faɗa, ya zagaya, ba mu ga ya hau ba."

"Ya iya ruwa?"

Tsohon ya dube shi kamar ya yi saɓo. "Kyaftin? Ai kafin ya iya tafiya ya iya ruwa."

Sufeto ya tsuguna ya yaye zanen. Babu rauni, babu jini. Hannun dama ne kawai ya dunƙule tamau. Da ƙyar ya buɗe yatsun, sai ga wani farin zane ya ratsa tafin, kamar mutum ya riƙe ƙarfe mai zafi.

"Na faɗa masa," wata murya ta ce daga bayansa. "Wallahi na faɗa wa Yaya."

Wani siririn mutum ne, idanunsa jajur, allurar gyaran raga soke a aljihun rigarsa. Aka ce wa Sufeto ƙanen mamacin ne, Auta ake ce masa, duk da furfura ta fara leƙowa a gemunsa.

"Me ka faɗa masa?"

"Ruwa ba ya son abin nan da ya ɗora a kan jirgin babanmu. Tun da aka sa shi jirgin ke kuka da asuba. Ga kifi can sun mutu a bayansa, kowa ya gani. Yallaɓai, ka bar ni in je ni kaɗai in janye shi can nesa, kada ya ci wani."

"Babu mai hawa jirgin nan sai na ce," in ji Sufeto.

Bai rufe baki ba hayaniya ta ɓarke a bayan rumfunan kifi. Matasa ne suka jawo wani mutum a ƙasa, riga a yage, baki na jini, ana ta kai masa duka da filafilai. Mai Sola ke nan, wanda ya haɗa wa Kyaftin wutar. Da Kofur bai kutsa da kulki ba, gawa biyu za a ɗauka a ranar. Suka jefa shi a mota, Sufeto ya bar Kofur a gaɓa ya tsare jirgin.

A ofis, Mai Sola ya zauna yana tsane leɓe da gefen riga.

"Me ka saka a jirgin?"

"Faranti a rufi, batura a ɗaki, na'urar da ke daidaita caji, sai inbata mai mayar da wutar batir irin ta gida. Don firiza aka yi, ranka ya daɗe. Kyaftin ya gaji da sayen ƙanƙara, yana so ya riƙa yin nisa kifi bai ruɓe ba."

"Wutar nan tana kisa?"

"Ta faranti da batir ba ta cika yi ba. Ta inbata kuwa, in jikin mutum a jiƙe yake, tana yi. Amma na sa makashin da ke katsewa da kansa in wuta ta zuba inda bai kamata ba. Kowace waya a cikin bututu na bi da ita. Aikin jirgi ba aikin gida ba ne."

"Yaushe rabonka da jirgin?"

"Tun ranar da na gama."

Sufeto ya jingina da kujera. "Masu sayar da kifi sun ce jiya da yamma sun ji ka a kan jirgin kuna ɗaga murya kai da shi. Su ne maƙaryata ko kai?"

Mai Sola ya sunkuyar da kai. "Ni ne. Tsoro na ji."

"Me ya haɗa ku?"

"Tukunyar dafa ruwa ya jona a inbata tare da firiza, batura suna ƙarewa kafin gari ya waye. Na ce zai kashe min aiki, ya ce jirginsa ne. Iyakarta ke nan, na rantse."

Sufeto ya sa aka mayar da shi sel. Rahoton likita ya iso kafin la'asar: ruwa ne ya kashe Kyaftin, amma wutar lantarki ce ta fara sandarar da shi. Shugaban ofis ya leƙo ya ce magana ta ƙare, a rubuta sakaci da ya jawo asarar rai, a kai Mai Sola kotu kafin jama'a su ƙone masa shago. Da Sufeto zai fita, ya ga matar Mai Sola zaune a dakalin ofis da goyo a bayanta, ta ƙi tafiya tun safe. Ba ta roƙe shi komai ba, ido kawai ta bi shi da shi. Abin ya tsaya masa a rai. Ya koma ya roƙi shugaban ofis ya ba shi zuwa gobe.

Washegari da sassafe ya koma tashar, ya tarar da Kofur ya yi zuru-zuru.

"Yallaɓai, a canza ni. Jirgin nan kuka yake yi. Dab da asuba ya fara, ƙiii, ƙiii, kamar jariri a rijiya. Sai fitilar ta mutu. Da rana ta fito kuma ta sake kamawa da kanta."

"Wani ya zo?"

"Ƙanen mamacin. Sau biyu yana lallaɓowa da kwale-kwale, wai zai ɗauko wa tsohuwarsu kayan ɗanta. Na kore shi."

Sufeto ya sa aka kawo Mai Sola da ankwa a hannu. Tsohon masunci ne kaɗai ya yarda ya kai su, shi ma da sharaɗin ba zai bi ta bayan jirgin ba. Sufeto ya zauna a tsakiyar kwale-kwalen ya ƙanƙame gefe da hannu bibbiyu, Kofur ya kawar da kai don kada a ga dariyarsa.

Dariyar ba ta daɗe ba. Da suka matso, suka ga ƙananan kifaye sun yi rigingine a bayan jirgin, fararen cikunansu a sama, sun kewaye tsanin ƙarfen da ƙafarsa ke cikin ruwa. Ko tsuntsu ɗaya bai sauko ya ɗauka ba. Ƙwan fitilar yana ta kawowa yana ɗaukewa. Suka hau ta gefe.

Ɗakin jirgin ƙarami ne, yana warin kifi da man inji. Gado ɗaya a dama. A hagu kuma batura ne jere a kan wani katako mai faɗi, wanda ya yi santsi a tsakiya irin na wurin da aka daɗe ana kwanciya a kai.

"Kukan fa?" in ji Sufeto.

"Inbata ce," in ji Mai Sola. "In batir ya yi ƙasa sai ta yi ƙara ta kashe kanta. Rana na bugun farantan ta tashi. Amma yanzu babu tukunya a jone, bai kamata su ƙare ba. Akwai abin da ke shan wutar."

Aka kwance masa ankwa, ya roƙi a ba shi testarsa, ɗan sukudireban nan mai fitila a gindi. Kafin ya taɓa komai sai da ya goge hannunsa tas, ya duba takalmin robar da ke ƙafarsa. Sannan ya je baya ya ɗora bakin testar a kan tsani.

Ta kama ja.

Kofur ya yi salati ya ja da baya. Mai Sola ya tsaya kamar an dasa shi. Ya san abin da jan nan ke nufi a kansa.

"Kashe ta," in ji Sufeto.

Mai Sola ya kashe inbatar, ya cire kan batir, ya sa Kofur ya lulluɓe farantan da bargo. Fitilar ta mutu. Jirgin ya yi tsit, sai ƙarar ruwa a jikin katako.

Sufeto ya durƙusa ya fara bin wayoyin da ido. Bai san komai a harkar wuta ba, amma ya san hannun mutum a aikinsa. Duk wayar Mai Sola tana cikin farin bututu, an kafe ta da ƙananan maɗaurai a jere, kowane baki an matse shi da ƙarfe an rufe da roba. Sai ga wata daban, tsohuwa, baƙa, ta fito daga bayan inbatar kafin a kai ga makashin. An tura ta ƙarƙashin tulin raga, ta bi gefen jirgi har baya. A ƙarshenta an fere robar, an ɗaure jan ƙarfen a ƙusar da ta riƙe tsanin.

Ɗaurewa aka yi, da ƙulli. Zagaye biyu, a cusa, sannan a mayar da wutsiyar ta koma ciki ta ɓuya.

"Haka kake haɗa waya?"

Mai Sola ya leƙa. "Ni? Wa ke ƙulla waya kamar igiya? Ko ɗan koyo ba ya haka. Murɗawa ake yi ko a matse."

Sufeto ya kira tsohon masunci. Tsohon ya daɗe yana kallon ƙullin.

"Wanda ya yi wannan ya san jirgi yana rawa, yana tsoron kada ta zame," ya ce a hankali. "Ƙullin ƙugiya ne, duk masunci ya iya. Amma mayar da wutsiyar nan ciki, ba kowa ba."

"Wa ke yi?"

"Idona ya yi rauni, ranka ya daɗe," in ji tsohon, ya koma kwale-kwalensa.

Sufeto ya sa aka yanke wayar ta yadda ƙullin bai lalace ba, ya naɗe a hankici. Ya gargaɗi kowa kada a faɗa wa mutanen gaɓa cewa an kashe wutar. Sannan ya juya ga Mai Sola.

"Lokacin da kake aikin, wa ke wurin?"

"Kyaftin yana zuwa yana tafiya. Auta ne ba ya motsawa. Yana zaune a kan raga yana kallona, ko sannu ba ya ce min. Rannan ma wuta ta ɗan ja ni a yatsa, na yarfe hannu ina dariya. Ranar kaɗai na ga haƙorinsa."

Da azahar Sufeto ya je gidan mahaifiyarsu yin ta'aziyya. Tsohuwa ce ƙarama, kowa Inna yake ce mata. Tana zaune a tsakar gida, carbi a hannu, idanunta sun bushe. Auta yana gefe. Ya ce shi bai san kan waya ba ko kaɗan, kuma rabonsa da taka jirgin tun da aka fara aikin.

Sufeto yana sauraro, idonsa na yawo. Sai ya sauka a kan igiyar shanya da aka ɗaure a jikin ginshiƙi. Zagaye biyu, a cusa, wutsiya ta koma ciki.

Ya jira Auta ya fita raka masu gaisuwa.

"Inna, wa ya ɗaura miki igiyar nan? Ta yi kyau."

"Auta ne. Ƙullin babansu ke nan, Allah ya jiƙansa. Cewa yake wutsiyar da ta fito waje ita ke kama raga. Su biyu kaɗai ya koya wa." Ta ja carbinta. "Yanzu saura ɗaya."

Sufeto ya kawar da ido daga igiyar. Hankicin da ke aljihunsa ya yi masa nauyi.

"Ɗan nan," ta ce, "an ce kai ka hana hawa jirgin. Rigarsa tana can rataye, wadda ya cire zai yi wanka. Ni nake so in ɗauko ta da hannuna. Ba na tsoron aljanin kowa."

Sufeto ya san ƙulli kaɗai ba zai fitar da Mai Sola ba, lauya zai ce mamacin ma ya iya shi. Ya kuma san abin da zai yi bai dace a yi wa uwa ba, kuma ya ji kunyar kansa tun kafin ya yi.

"Gobe da hantsi zan kai ki," ya ce. "Auta ya raka ki."

Da safe ya sa aka yaye bargon daga farantan, aka jona ƙwan fitilar kaɗai a batir, don daga gaɓa a ga kamar babu abin da ya sauya. Rana ta fito fes. Inna ta zauna a gaban kwale-kwale, Auta a bayanta, sai Sufeto da Kofur. Tsohon masunci na tuƙi.

"Bi ta baya," in ji Sufeto. "Inna ba za ta iya hawa ta gefe ba."

"A'a, ta gefe ya fi," in ji Auta da sauri. "Zan ɗaga ta."

"Ga tsani, me zai sa a ɗaga ta?"

Kwale-kwalen ya ratsa ta cikin matattun kifayen, suna gogar jikinsa. Gumi ya keto wa Auta, yana kallon fitilar yana kallon tsanin. Inna ta miƙe da ƙyar, gefen zanenta ya jiƙe, ta yi bisimilla ta miƙa hannu.

"Inna, kada ki taɓa!"

Ya yi tsalle ya rungumo ta ta baya, har kwale-kwalen ya kusa kifewa. "Akwai wuta! Akwai wuta a jikinsa!"

Sufeto ya saki gefen da yake riƙe da shi, ya miƙa hannu ya kama tsanin, ya riƙe.

"An kashe tun jiya," ya ce. "Ban da mu da muka hau, babu wanda ya san da wuta a tsanin nan. Kai da ba ka san kan waya ba, wa ya faɗa maka?"

Ya zaro hankicin ya buɗe. Inna ta dubi ƙullin. Ta zauna a hankali.

Auta ya zube a cikin kwale-kwalen ya kama ƙafarta.

"Ban yi don ya mutu ba, Inna. Wallahi ban yi don ya mutu ba. Katakon da aka jera baturan nan gadona ne. Tun ina yaro a nan nake kwana, kusa da Baba. Yaya ya naɗe min tabarma ya ajiye a gaɓa. Ya ce yanzu da firiza ba ya bukatar mai ɗauko ƙanƙara, ba ya bukatar mai shanya kifi, in koma tudu in yi ta gyaran raga. A gaban mutane ya faɗa."

"Sai ka ɗaura wayar," in ji Sufeto.

"Da asuba, kafin ya zo, lokacin abin ya mutu. Na ga ta ja Mai Sola ya yarfe hannu yana dariya. Na zaci haka za ta yi wa Yaya, ya tsorata, ya ce a kwashe kayan. Ban san ruwa yana ƙara mata ƙarfi ba. Ina gaɓa ina kallo, ina jira ya hau yana zagi. Bai hau ba."

"Kana kallo kuma aka kusa kashe wani a madadinka."

Auta ya ci gaba da kuka.

Inna ta zame ƙafarta daga hannunsa. Ta kama tsanin ta hau, mataki ɗaya bayan ɗaya, ta ƙi yarda kowa ya taimake ta. Can ta fito da rigar Kyaftin a ƙirjinta. Kofur ya sa wa Auta ankwa, Sufeto ya buga waya ofis ya ce a saki Mai Sola, a faɗa wa matarsa ta tashi daga dakalin nan ta kai mijinta gida.

Da suka iso gaɓa jama'a sun taru, shiru kamar ranar farko. Kwale-kwalen ya daki turke. Auta, da ankwa a hannu, bai ma san ya yi ba, ya cafke igiya ya ɗaure. Zagaye biyu, ya cusa, ya mayar da wutsiyar ciki.

Kofur ya ja shi zuwa mota.

Inna ta tsaya a gaban turken tana kallon ƙullin. Sai ta rataya rigar a kafaɗa, ta sunkuya, ta sa yatsunta ta kwance shi. Ta miƙa wa tsohon masunci igiyar.

"Ɗaura da naka," ta ce.